Shekarar da Gidanmu Ya Daina Hayaƙi

Matso nan kusa, ja tabarmar cikin inuwa. Muryata ba ta kai nesa yanzu, kuma abin da zan faɗa ba na son in maimaita shi.

Shekaranjiya jikata Rakiya ta shigo da ɗan kwali a hammata, fuskarta duk fara'a. Ka san yadda bazarar bana take: gawayi ya yi tsada, itace kuwa sai ka ji kukan jaki ka leƙa waje ko mai shi ne. Ta ajiye kwalin gabana, ta fito da ɗan murhun ƙarfe, irin wanda muke ce wa resho, da buteli cike da wani ruwa. Wai daga rake ake tatso shi. Wai a radiyo an ce gwamnati za ta ɗauke wa mutane wani kaso na kuɗinsa don a bar itatuwa su huta, har motoci ma za a riƙa gauraya musu shi da isansi, wato fetur. Tana ta zuba bayani, ni kuwa tun da ta buɗe murfin butelin hancina ya riga kunnena. Na ce ta dafa abinta, ni zan zauna ƙofar gida. Ta yi dariya, ta ce Kaka na tsoron sabon abu. Uwarta tana cikina, wata biyar, lokacin da na fara tuƙa tuwo bisa irin wannan wuta.

Shekarun nan ne na farko bayan an sauke tutar Faransawa aka ɗaga tamu. Ina da ƴaƴa biyu ƙanana, ga na uku a ciki. Maigidana sunansa Iliya, amma ni ban taɓa kiran sa da shi ba, Malam nake cewa, kuma haka zan ci gaba da cewa. Planto ne, wato masinja, a wani biro, ofishin gwamnati, shi ke buɗe ƙofa ya share, shi ke kai takardu bisa keke. Aikin ba wani babba ba ne, amma bai yanke mana gero ba. Kuma yana da murya, Allah ya jiƙansa. In ladanin masallacin unguwarmu ya yi ciwo ko ya yi tafiya, Malam ke kiran salla, kuma ya fi jin daɗin wannan bisa kaki da hular biro.

Damina biyu a jere ruwa ya ƙi duwatsun Abzin. Mu na cikin Agadas ba noma muke ba, geronmu daga kudu yake zuwa, saboda haka da fari mun ɗauka abin na makiyaya ne. Sai jakuna suka fara faɗuwa. Matan daji da ke kawo mana itace kowace safiya, waɗanda muke ciniki da su muna zolayar juna, suka yi ta raguwa har saura ɗaya, mai zuwa da ƙafa da ɗan ƙunshi bisa kai. Ran nan ita ma ba ta zo ba. Yunwar rashin hatsi kowa ya san ta. Ta mai hatsi a tukunya da murhu sanyi ƙalau, ni a shekarar nan na fara sanin ta.

Mun ƙona abubuwa bi da bi. Ƙodagon goriba da yara ke wasa da shi, shi ya fara tafiya. Sai tsofaffin tabarmi, sai turmin da ya tsage, sai guntun azara daga ɗakin da ya rushe bayan gida. Daga nan sai kashin raƙumi. Bayan sallar asuba mu matan unguwa mukan fita tare zuwa inda ayari ke sauka, kowace da kwandonta, muna tsintar sa ɗaya ɗaya kamar dabino. Raƙuman ma ba su ci ba balle su ajiye mana. Ranar da ba a samu ba sai a jiƙa gero a daka gumba a ci ɗanye, yara su wuni riƙe da ciki. Zafi kuwa, in ka jingina da bangon ɗaki sai ka janye bayanka. Ruwan randa kamar an ɗumama shi. Mukan ce da rana tana dafa tuwo, da babu garin da ya kai mu arziki.

Yanzu bari in gaya maka al'adar unguwarmu, don in ba ka san ta ba sauran labarin ba zai shiga kanka ba. Katangunmu dogaye ne, ba ka ganin tsakar gidan maƙwabci. Amma bayan la'asar kowace mace tana da dalilin hawa bisa soro: wannan za ta kwashe shanya, waccan za ta duba indararo. Gaskiyar magana hayaƙi ake dubawa. Gidan da ya tada hayaƙi ya ɗora tukunya. Gidan da ya kwana biyu bai tada ba, ba a tambayar sa, ba a yi masa jaje. Sai dai a rufe ƙwarya da faifai, a ɗora bisa katanga ko a tura cikin zaure, ba sallama. Matar gidan ba ta godiya, ba ta tambayar wa ya aiko, ko da ta san ƙwaryar. Ta wanke, ta mayar inda ta same ta, ba komai ciki. In ta mayar da abincin, ta zagi mai shi. In kun haɗu a rijiya, hirar zafi za ku yi. Haka ake rufa wa juna asiri tun kakanni, ba wadda ta taɓa buɗe baki ta ce ina jin yunwa.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da Inna Tamo. Tsohuwa ce, mijinta ya rasu da daɗewa, ɗiyarta ɗaya tana aure can Timiya. Saƙar tabarma take da kaba, da ita take ci. Idonta ɗaya ya yi hazo, amma hancinta ban taɓa ganin irinsa ba. Tana zaune cikin gidanta sai ta ɗaga murya ta ce, wance, aduwa kike ƙonawa yau, wa ya ba ki? Ni kuwa shekara biyar da aure ba ta daina ce mini amarya ba, wai har yanzu miyata ta amare ce, gishiri ya fi daddawa. Abin da take taƙama da shi a duniya gadonta ne, irin na Abzin, mai sanduna da sassaƙaƙƙun ƙafafu da ake harhaɗawa. Da shi aka kawo ta gidan miji. Takan shafa masa man shanu lokacin da ake da man shanu, ta ce bisa shi za ta cika.

Wata rana da azahar Malam ya shigo da buhu ɗaure bayan keke. Bai tsaya tsakar gida ba, ya wuce ɗaki ya kira ni, ya sauke labule. Resho ne da buteli biyu na wani ruwa shuɗi. Ya ce Mushe, wato Baturen da ke shugabantar bironsu, ya tara su, ya ce gwamnati ta damu da itatuwan da ake sarewa, ta kawo wannan a gwada, ita ke biyan mafi yawan kuɗin, su su cika ɗan abin da ya rage. Kuma ma'aikata ne za su fara, don talakawa su gani su koya. An ba kowa karti, kowace Litinin a je a karɓi buteli biyu a buga hatimi. Wanda kartinsa ba hatimi, Mushe zai so ya ji dalili.

Na ce to alhamdu lillahi, ina abin sauke labule a nan? Sai ya faɗi sunan ruwan a hankali, kamar wanda aka tilasta wa faɗin sunan surukinsa. Alkol.

A garinmu lokacin, abu ɗaya aka sani da wannan suna: wanda wasu ke sha bayan bariki su fito suna tangaɗi. Malam ya ce ya tambaya, an ce masa wannan ba na sha ba ne, an zuba masa guba da shuni, ko mashayi bai iya haɗiye shi. Amma wa zai tsaya ya saurari wannan? Direban bironsu ya riga mu karɓa, matarsa ta nuna wa maƙwabta, ranar sunan ɗansu aka bar musu tuwo cikin akushi har ya bushe, wai da giya aka dafa.

"Hadiza," ya ce, "ni ke kiran salla a unguwar nan. In aka ce gidan mai kiran salla ana girki da giya, ina zan sa kaina? In na mayar kuma, aikin ya tafi. Ki dafa cikin ɗaki. Kada kowa ya ji, amana na ba ki."

Na karɓi amanar, ban yi wani dogon tunani ba. Tuwo kawai nake gani.

Ranar farko na ƙyasta alimeti, ashana ke nan, na kai bakin reshon, ban ga komai ba. Na ɗauka bai kama ba, na miƙa hannu in gyara, sai ji na yi yatsana ya soye. Wutar nan ba a ganin ta da rana. Ba ta ƙara, ba ta tartsatsi, ba ta barin toka, ba garwashin da za ka ɗiba wa maƙwabciya cikin kasko ko ka sa turare. Sai da ɗakin ya yi duhu sannan na ga wani ɗan harshe shuɗi yana lasar gindin tukunya. Ƙaramar tukunya kawai yake ɗauka, dole in tuƙa sau biyu. Cikin ɗaki, labule a sauke, tsakiyar bazara, ga ciki: zufa har cikin idona, zanena kamar an tsoma a rijiya. Amma yarana suka ci tuwo mai zafi, suka lashe hannu, suka yi wasa ba riƙon ciki. Ba zan yi maka ƙarya ba, na so abin nan. Na daina fita tsintar kashin raƙumi, na ce wa mata cikin ya yi mini nauyi.

Ban tuna da hayaƙi ba. Wallahi ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba, sai a rana ta uku, da na fito zubar da ruwan wanke-wanke na ga ƙwarya bisa katanga, rufe da faifai. Na san ta, ta Inna Tamo ce. Tana da tsaguwa a baki da aka ɗinke da zaren kaba. Tuwon gero ne malmala biyu da ƴar miyar kuka, har da ɗuminsa. Na tsaya riƙe da ita, ni da na ƙoshi har ina gyatsa.

Da Malam ya dawo na nuna masa. Ya daɗe yana kallon ƙwaryar, ya ce in karɓa in yi shiru, kwana biyu ne za ta gaji. Mayarwa zagi ne, zubarwa kuwa a shekara irin wannan ko mahaukaci bai yi. Muka ci, bisa ƙoshi. Tuwon nan kuma ya fi nawa daɗi.

Ba ta gaji ba. Sai na yi dabara, dabarar da ta ƙara ɗaure ni. Bayan la'asar na tara tsumma da guntun igiya a murhun tsakar gida na cinna, don a ga gidanmu ya tada hayaƙi. Bai kai tsayin soro ba na ji muryarta ta bayan katanga.

"Amarya, wane zane ne ya yi miki laifi?"

Na ce shara nake ƙonawa, Inna.

"To. Ki dai bar na jikinki."

Na manta cewa dabarar nan tsohuwa ce. Matan da yunwa ta kai maƙura, masu kunya, su ke ƙona tsumma don a ɗauka sun yi girki. Inna Tamo ta san ta tun ba a haife ni ba. Washegari malmala uku na samu.

Sai na gwada wata. Dafaffe ba ni da halin aika mata: gidan da ba hayaƙi ina ya dafa? Malam ma ya ce kada in ciyar da baiwar Allah abin da in ta sani ba za ta ci ba. Sai na zuba ɗanyen gero cikin ƙwaryar na mayar, na karya al'ada, ina fatan ta gane ba mu rasa ba. Ta gane abin da kowa zai gane: suna da hatsi, wuta ce babu. Ta surfa shi, ta daka, ta dafa, ta dawo mini da shi bisa katanga. Na ƙara mata aiki, na ƙara mata cin wuta.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Zama kusa da ita ya koya mini shinshina ni ma, kuma na ji hayaƙin gidanta yana sakewa. Da fari warin kashin raƙumi ne, irin na kowa. Sai ya koma warin kaba, mai saurin ci. Wato abin saƙarta take ƙonawa. Sai wata la'asar na ji wani ƙamshi mai nauyi, na tsohon itace da ya sha man shanu shekara da shekaru. Ina cikin ɗaki, labule a sauke, muciya a hannuna, wutar da ba a gani tana ci gabana. Na san ko mene ne. Na zauna a ƙasa.

Na yi wa Malam magana ran nan, na sake yi washegari. Ba mugu ba ne, kada ka ɗauke shi haka. Ya fi ni ramewa a kwanakin nan, ya daina taɓa abin cikin ƙwaryar, in zai fita sai ya sunkuyar da kai kada ya dubi katanga. Amma kullum sai ya ce in ƙara haƙuri, hadari ya fara haɗuwa, da ruwa ya sauka komai zai warware ba tare da kowa ya sani ba. Kowace la'asar hadarin kan taso bisa duwatsu, baƙi ƙirin, mu hau soro mu zuba masa ido, iska ta zo ta watsa shi. Ni kuwa ga amanar miji, ga ƙwarya bisa katanga. Tsakar gidan nan da nake so, wadda ko biki ba na son ya raba ni da ita, ta koma mini kamar cikin rijiya.

Rana ta goma sha tara ƙwaryar ta zo da gumba, ɗanya, dunƙule ɗaya. Na hau soro: gidan Inna Tamo ba hayaƙi. Na sauko na zagaya na shiga, ko sallama ban yi ba.

Tana kwance bisa tabarma a ƙasa, gindin bango. Ƙafafunta sun kumbura suna ƙyalli, na danna da yatsa wurin ya lotsa bai taso ba. Na leƙa ɗaki. Inda gadon yake sai gurbin ƙafafunsa huɗu bisa daɓe. Ta ce in daina leƙe-leƙe kamar ɓarauniya, gadon ne ya tsufa yana cizon bayanta, ƙasa ta fi mata. Na tambaye ta ko ta ci wani abu yau, abin da ba a tambaya. Ta juyo mini da idonta mai gani.

"Ke ke da biyu a ƙasa, ɗaya a ciki. Ni mi zan yi da tuwo? Haƙoran ma sun tafi."

Na koma gida, na ɗauki reshon a hannu ɗaya, butelin a ɗaya, ko zane ban rufa musu ba. Na bi ta lungu, mata biyu na dawowa daga rijiya suka tsaya suna kallo. Na ajiye gabanta, na zuba, na ƙyasta, na ɗora ruwan kunu. Ta ce wasan yara nake yi mata, tukunya bisa ƙarfe ba wuta? Na kama hannunta na kai kusa, ta janye da sauri. Ta buɗe hanci ta ja warin, ta ce ai ta kwana biyu tana jin wannan ta bayan katanga, ta ɗauka maganin likita ne aka ba ni saboda cikin. Ta tambaya mi yake sha. Na faɗa mata sunan. Na faɗa mata duka, da Mushe, da karti, da direba, da kiran salla.

Ruwan ya fara motsi. Na jira ta yi salati ta ce in fitar mata da giya daga gida. Ba ta yi ba.

"Kwana nawa?"

Na faɗa.

"Ashe a ƙoshe kuke."

Ba da faɗa ta faɗe shi ba. Da ta zage ni da na ji sauƙi. Na dama kunun hawaye na zuba, na miƙa mata, na ce in ba za ta sha ba ban ga laifinta ba. Ta tambaya ko ruwan shuɗin ya shiga cikin tukunya. Na ce a'a, a ƙasa yake. Ta ce kashin raƙumi ma a ƙasa yake, tun tana yarinya take cin abin da ya dafa, ba wanda ya taɓa cewa ta ci kashi. Ta karɓa ta sha a hankali, ta miƙo a ƙara. Da ta gama ta share baki, ta ce har yanzu hannuna na amare ne, kunun ya yi ruwa.

Kafin magariba unguwa ta ji. Malam ya dawo ya tarar da zaure cike da mata, ba inda zai shigar da keke. Ya dube ni, na dube shi. Ya jingine keken, ya wuce gidan Inna Tamo ya durƙusa gabanta, ya daɗe. Liman ya ce abin da ba a sha, ba ya kuma shiga abinci, ba shi da laifi. Amma ba kowane baki ke bin liman ba; wasu dattawa suka ce su dai a sake mai kiran salla, kuma aka sake. Malam bai ƙara kira ba har shekara ta zagayo. Abin da mata suka riƙe kuwa ba giyar ba ce. A rijiya hirar zafi ake yi kamar kullum, amma in aka ambaci ƙafafun Inna Tamo ina wurin, sai kowace ta kalli guganta. Reshon ya shiga yawo gida gida, kowace da ƴar tukunyarta, buteli biyun da ke kai mu mako suka riƙa ƙarewa a kwana uku. Ƙwarya ta fara sauka bisa katangar Inna daga gidaje daban-daban. Ni ta ƙofa nake kai mata kunu, da sallama.

Sai ruwa ya sauka. Da la'asar ya zo, da iska gabansa, ƙamshin ƙasa ya cika gari, indararo suka yi ta kwarara, yara tsirara cikin lungu suna ihu. Korin bayan gari, busasshen rafin nan, ya cika da jan ruwa daga duwatsu. Mun yi murna, ba a cewa ba mu yi ba. Amma kashin raƙumi ya narke ya koma laka, ƴan itatuwan da korin ya kwaso kuwa masu ƙarfi suka riga kowa. Hanyar kudu ta yanke, kamyon, babbar motar da ke kawo ruwan shuɗin, ya maƙale wani wuri. Litinin ta zo, Malam ya dawo da karti ba hatimi. Ya ce an sake Mushe, sabon ya ce gwajin ya ƙare, gwamnati ta janye hannunta. Mai so, in hanya ta buɗe, ya saya a butik, wato kanti, da cikakken kuɗinsa. Cikakken kuɗinsa kuwa sai dai Mushen.

Sauran mata sun ɗan tara busasshen kashi cikin ɗaki kafin ruwa. Ni da na daina fita ba ni da ko ƙwaya. Muka koma gumba. Na ɗaga murya ta bayan katanga na ce wa Inna cikin ne ya kwantar da ni, shi ya sa ba ta ga kunu ba. Ta ce to.

Kwana ɗaya, biyu, uku, gidanmu ba hayaƙi. Ina ganin mata bisa soro bayan la'asar suna duba indararo, idonsu ya bi ta bisa gidanmu ya wuce. Ba mugunta ba ce. Gidan Malam Iliya ai ba ya hayaƙi, da wutar da ba a gani suke dafawa. Ni na koya musu haka. Ƙaramin ɗana ya fara zawo saboda gumba, yana kuka ba murya. Malam ya ce in shiga wani gida in roƙi abin hurawa. Na ce da wane baki? Wadda ta ci tuwon tsohuwa kwana da kwanaki a ƙoshe, yau ta zo ta ce ba ta da wuta? Nakan fita in duba katanga ya fi sau goma a wuni. Ba komai bisanta sai ƙadangare.

Rana ta huɗu da hantsi na ji ana jan ƙafa a zaure, da ƙwanƙwasar sanda. Inna Tamo ce, dafe da bango, ƙafafun nan ɗaure da tsumma. Rabonta da fita tun kafin ruwa. A hannunta kasko da garwashi biyu, a hammatarta wani abu naɗe cikin zane. Ta wuce ni ta nufi murhun tsakar gida, wanda ruwa ya wanke har tokarsa, ta zauna da ƙyar, ta warware zanen. Ƙafar gadon ce, ta huɗu, baƙa sumul don shafa.

Na ce Inna, na ɗauka duka sun tafi. Ta ce wannan ta ɓoye ƙarƙashin tabarma tana matashin kai da ita, ko ba gadon a ce bisa wani abu nasa ta cika. Na riƙe hannunta, na ce wallahi ba za a ƙona ta ba. Ta fizge.

"Kwana huɗu ban ji warin maganin nan naki ba. Wancan karon hayaƙi na bi ya ruɗe ni, wannan karon hancina na bi. Kawo gatari, amarya, kukan yaron nan ya hana ni sakat."

Ni na faskara ta. Itace ne mai kyau, yana ci a hankali, kwana uku muna dama kunu da shi tsinke tsinke. Hayaƙinsa ya hau sama da ƙamshin man shanu, na ga kawunan mata suna juyowa bisa soraye. Sai a lokacin suka gane: gidan da ya koma murhu, reshonsa ya mutu. Washegari na tarar da kwandon busasshen kashin raƙumi cikin zaure, ba sallama.

Inna Tamo ba ta ga sanyin shekarar ba. Malam ya je wurin masassaƙi a yi mata wani gadon, masassaƙin ya ce sai itace ya samu. Bisa tabarma ta cika, kanta bisa cinyata. Da na haihu mace ce, uwar Rakiya ke nan, kuma ba sai na gaya maka sunan da aka raɗa mata ba.

Reshon yana nan cikin tsohon akwatina, ya yi tsatsa. Ban ga laifinsa ba har yau. Ya ciyar da ƴaƴana, kuma itatuwan da ake tausayi na san inda suke da, na je na ga fili. Tuwon Rakiya na shekaranjiya ma na ci, ya yi daɗi, ba hayaƙin da ya sa ta tari kamar yadda ya sa mu. Amma da nake zaune ƙofar gida ran nan na ɗaga kai na dubi unguwa. Masu gaz, masu resho, sama fes, ko zare ɗaya na hayaƙi babu. Gidan da ke kallon namu baƙi ne suka shiga bara, mace da yara uku, mijin ya bi hanyar Libiya. Ƙofarsu kullum a rufe. Na shinshina iyakar ƙarfina, hancina bai kai na Inna Tamo ba, ban ji komai ba. Na sa Rakiya ta rufe ƙwarya ta tura musu cikin zaure. Ta ce, Kaka, in suna da shi fa? Na ce in suna da shi su ci bisa ƙoshi, ni ma na taɓa ci.

Kai fa, gidan da ke bayan katangarka, sun ɗora tukunya yau? Da mi za ka sani?